Kunnen Baba da Rariyar Mutane

Babana ya yi shekara talatin da 'yan kai yana niƙa a Tudun Wada, kuma bai taɓa sallamar mai niƙa ba sai ya tambaye ta, "Kin yafe ragowar?" Ragowar da yake nufi ita ce ɗan garin da ke maƙalewa a haƙoran inji bayan an gama, wanda ko cokalin shayi ba zai cika ba, kuma dole ya bi garin wadda ke bayanta a layi. Matan unguwa sun saba, tun kafin su sauke kwano daga ka suke cewa sun yafe. Wata tsohuwa ta taɓa ce masa ba ta yafe ba, don tsokana kawai. Baba ya kashe inji, ya kwance shi, ya kakkaɓe mata garinta a takarda, mutane na tsaye a rana har aka kira la'asar. Daga ranar ba a sake yi masa wannan wasan ba.

Injin nan shi ya ciyar da mu, shi ne kuma ya cinye masa kunne. Da na kai shi asibiti, likita ta zana mini wani layi mai gangarowa, ta ce siraran sautuka ne suka fara tafiya, masu kauri suna biye da su, kuma kada mu yi tsammanin abin zai jira mu. Shi ya sa Baba yake jin maza ba ya jin mata. Yayata, wadda ta dawo gida da zama don ta kula da shi, cewa take yi wannan ba ciwo ba ne, halin mazan Tudun Wada ne ya samu takardar asibiti.

Innarmu ta rasu shekara tara kafin nan, kuma ba ta bar muryarta a ko'ina ba. Ba ta son waya, in aka miƙa mata sai ta riƙe ta nesa da fuska kamar za ta cije ta. Sai ga Yaya, garin neman wata tsohuwar takardar makaranta a akwatin ƙarfe, ta tono kaset ɗin wa'azin da na ɓata ina 'yar shekara bakwai. Na tuna shi sarai, don na sha duka a kansa. Jan maɓallin rediyo na danna ina wasa a tsakar gida, ya goge malamin ya ɗauki gidanmu, abin da bai cika minti ɗaya ba. Da muka saka, ba abin da ke fita sai rurin injin Baba daga zaure. Amma can ƙarƙashin rurin akwai wani siririn abu da ke tashi yana sauka. Muka kalli juna ni da Yaya, kowa ta san wace ce.

A lokacin ina digiri na biyu a jami'ar da ke Gidan Kwano, fannin lantarki, kuma aikina ke nan, raba sauti da hayaniya. Na ce wa Yaya ta ba ni sati biyu. Burina ɗaya ne, Baba ya ji muryar matarsa kafin kunnen ya rufe gaba ɗaya.

Akwai wata laburare da duk masu irin aikinmu ke amfani da ita. Ba ɗakin littattafai ba ce, tarin lissafi ne da aka riga aka rubuta wa kwamfuta, ka ba shi sauti ya warware maka shi zare-zare, ka ce a cire wannan a bar wancan. Mutane barkatai ne suka haɗu suka rubuta ta, suka ajiye a intanet, duk mai so ya ɗauka, ba biya ba roƙo. Da ita na zauna a ɗakin gwaji, tsakanin kawo wuta da ɗaukewa, ina tsame injin daga muryar Inna. Sati biyu ya zama huɗu. Ranar da kalmominta suka fito fes, na rufe kwamfuta, na fita na tsaya bakin gonar masarar da ke bayan ginin, na yi kukan da ban samu na yi ba ranar rasuwarta. Sannan na share fuska na hau bas zuwa gari.

Na samu Baba a zaure kan benci, gefen injin da aka lulluɓe da buhu tun da ya daina aiki. Na buɗe kwamfuta, na miƙa masa lasifikar kunne, na shiga yi masa bayani ina kaurara murya kamar namiji, don haka muke yi in muna so ya ji mu. Na ce abin kamar rariya ne, ta riƙe tsaki ta saki gari. Kuskurena ke nan. Da na yi shiru na danna kawai, da an wuce wurin.

"Rariyar taki ce?" in ji shi.

"Ta kowa ce, Baba."

"Babu rariyar kowa. Wa ya haɗa ta?"

"Mutane ne, a ƙasashe daban-daban. Kyauta suka bayar."

"Ke suka ba?"

"Kowa suka ba."

"Kin tambaye su?"

Ya ajiye lasifikar a kan benci a hankali. Ya ce shi bai taɓa cin garin da mai shi bai yafe ba, kuma ba zai fara da muryar matarsa ba. Na ce to bari in faɗa masa abin da ta ce da bakina. Ya ce wannan haura katanga ne bayan an rufe ƙofa, kayan dai ta rariyar mutane suka biyo. Ya hana ni, ya kira Yaya ita ma ya hana ta.

Na ce ai akwai lasisi, masu abin da kansu suka rubuta izini. Washegari na bugo shi a takarda, bai ma cika shafi ɗaya ba. Baba ba ya karanta Turanci, kuma ya ce ni ce mai ƙara, ba a ba mai ƙara aikin tafinta. Don haka aka aika wa amininsa, wani dattijo mutumin Kuta da ya yi ritaya daga aikin akawun kotu. Shekara arba'in suna tare, wannan na zuwa masallaci wancan na zuwa coci, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba sai a kan cewa yaran yanzu ba su da natsuwa. Baba Akawu muke ce masa, Hausarsa kuma ta koyo ce. Ya iso da hantsi, sanye da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya.

Ya karanta takardar a zuci sau biyu, ya juya bayanta ya duba, ya ɗaga ta ya haska a rana.

"Babu hatimi, babu sa hannu," ya ce. "Yarinya, wannan takarda kai ne ka rubuta shi?"

"Ba ni ba ce, Baba. Haka take zuwa."

"A kotu, takarda kaman wannan, alkali zai nade kosai da shi."

Duk da haka ya gyara zama ya fara fassara, bakinsa dab da kunnen Baba. Sharaɗi na farko, duk wanda ya so ya ɗauka, ya yi aiki da ita, ya canza ta, ya raba wa wasu, an yarda, muddin bai goge sunan masu ita ba. Baba ya gyaɗa kai, ya ce 'ya'yan mutunci ne. Sharaɗi na gaba, kada wani ya yi tallan kayansa da sunansu. Baba ya ce ashe kuma masu kunya ne. Ni har na fara warware wayar lasifika. Sai Baba Akawu ya kai ƙasan takardar, inda aka rubuta komai da manyan baƙaƙe, ya tsaya.

"Nan wurin duka manyan baki ne," ya ce. "Manyan baki, ihu ke nan. Dole na karanta shi yadda suka rubuta."

Ya miƙe tsaye, ya cika ƙirji, ya kwarara wa unguwa cewa an ba da kayan nan ne yadda yake, ba su yi alkawarin zai yi aiki ba, ba su yi alkawarin ya dace da komai ba, kuma in ya jawo asara ko ɓarna ta kowace hanya, ba ruwansu, ko da an riga an gaya musu hakan na iya faruwa. Mai shagon cajin waya na tsallaken titi ya fito ya tsaya, wata mai tallan nono ta sauke ƙwarya tana tambaya ko gida ake rabawa. Wannan ne kaɗai ɓangaren da Baba ya ji ba tare da an maimaita masa ba.

Baba ya ce mutumin da ya ba ka kyauta yana ihun ba ruwansa bai yafe ba, ajiyewa ya yi ya gudu. Shi da baki yake son ji, yadda matan unguwa ke faɗa masa. Ya tambaya su nawa ne. Na buɗe masa jerin sunayen waɗanda suka sa hannu a aikin, ina gungurawa ina gungurawa, abin ya ƙi ƙarewa. Wasu ma ba sunan mutane gare su ba, wani sunan kifi da lamba a gaba, wani hoton mage. Baba ya ce ba komai, a bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ma haka ya yi shekara talatin. Baba Akawu ne ya cece ni, ya ce ko a doka ba a bin gari gida-gida, mai unguwa ake nema. Suka yi ta ja har azahar, sannan aka tsaya a kan cewa in ɗaya daga manyansu ya ce ya yafe, ya wadatar. Suka yi musafaha a kan haka, ni ko tambayata ba a yi ba.

Wurin da ake iya yi wa mutanen magana shi ne shafin kai ƙorafi, inda ake shigar da rahoton kurakuran da aka gani a laburaren. Can na je, kunya kamar ta kashe ni, don malamaina ma suna leƙa shafin. Akwai gurbin da za ka cike abin da ka yi tsammanin zai faru. Na rubuta cewa na yi tsammanin mahaifina zai saurara. Akwai gurbin abin da ya faru. Na rubuta cewa ya ƙi. A ƙasa na ba da labarin kaset da injin da ragowar gari, da Turancina mafi ladabi, na roƙi wani babba ya taimaka ya ce ya yafe.

Ko minti ba a yi ba amsa ta shigo. Ana gode mini, ana neman in faɗi wace fitowa ta laburaren nake amfani da ita, in kuma jera matakan da wani zai bi ya haddasa irin matsalar a wurinsa. Na gaya wa Baba.

"Babbansu ne?"

"Na'ura ce, Baba. Ita ke fara amsawa."

"Inji ba ya yafewa," ya ce. "Ni na san inji."

Kwana biyu bayan nan wani ya rufe ƙorafin, ya ce wannan ba kuskuren lissafi ba ne. Wani ya sake buɗewa, ya ce ai uban mutum ne. Wani mai hoton mage ya rubuta cewa shi ya yafe har zuciya, na ruga gida da murna, amma da Baba Akawu ya sa aka bincika sai aka ga duk aikinsa a laburaren gyaran waƙafi ɗaya ne a littafin bayani. Baba Akawu ya ce wannan ɗan haya ne yake kyautar da gida.

Daga nan rigima ta kaure. Wasu suka ce lasisin ya riga ya ba da komai, kuma duk wanda ya ce ya yafe ya nuna ke nan akwai laifi, lauyoyi za su iya kama wannan. Wasu suka ce dama tun farko lasisin ya yi sako-sako, da an zaɓi irin wanda ke tilasta wa duk wanda ya gina wani abu a kai shi ma ya saki nasa, da manyan kamfanoni ba su kwashe guminsu sun rufe ƙofa ba. Ashe tsohuwar gaba ce a tsakaninsu, ni ce na taka ta ban sani ba. Kafin sati ya zagayo ba mai sauran tunawa da mahaifina. Shi kuwa kullum bayan karin kumallo sai ya sa a shimfiɗa tabarma, Baba Akawu ya sauka daga keke, in karanta, shi ya fassara da ihu. Baba ya bi bayan masu cewa wanda ya ɗauka shi ma ya saki. Baba Akawu ya ce kyauta mai igiya ba kyauta ba ce. Suka yi faɗa na gaske, har kwana uku ba su gaisa ba, a kan mutanen da ba su san ko maza ne ko kifaye ba.

Ina ba da wannan labari ana dariya, amma ni a lokacin tsoro nake ji. Damina ta yi nisa, kunnen kuma yana tafiya a kan idona. Wata safiya an sheƙa ruwa a kan kwanon rufinmu, wanda ko magana ba a iya yi in ana yinsa, Baba ya fito daga ɗaki yana tambaya wa ya zubar da ruwa a tsakar gida. Bayan nan ya daina jin ladanin ƙaramin masallacinmu, sai Yaya ta taɓa masa kafaɗa in lokaci ya yi. Ranar da na ga haka raina ya ɓaci, na tsaya a kansa na faɗa masa duk abin da ke cikina. Na ce tsoron Allahn nan nasa ya koma taurin kai. Na ce Inna ta fi cokalin gari. Na ce zai kurmance yana jiran izinin mage. Ban taɓa yi wa mahaifina magana haka ba. Sai dai cikin fushi na manta ban kaurara murya ba, da tawa ta ainihi na yi. Ya kalle ni har na gama, ya juya wurin Yaya.

"Me take cewa?"

"Gaishe ka take yi, Baba," in ji Yaya da muryar maza.

"Allah Ya yi mata albarka," ya ce.

A sati na bakwai, can ƙasan rigimar, wata dattijuwa ta yi rubutu. Daga yadda kowa ya yi tsit na gane babba ce. Ta ce ita ta rubuta ɓangaren tacewar da na yi aiki da shi, tun tana da ƙarfin ido. Ta ce ita ba lauya ba ce, lasisi yana nan yadda yake, ba ta ƙara masa ba ta rage ba. Amma a gaya wa mahaifina, tsakanin mutum da mutum, ta yafe ragowar.

Baba ya sa aka fassara masa sau uku. Ya tambaya ko mace ce, aka ce mace ce. Ya ce dama ya sani, mata ne ke yafewa. Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, ya haɗa da mai kifi da mai mage da na'urar da ta fara amsawa, Baba Akawu yana cewa amin. Sannan ya shiga ɗaki. Da ya fito ya canza riga, ya sa farar da yake zuwa Juma'a da ita, har da turare.

Ya zauna kan benci, na saka masa lasifikar a kunne, Yaya ta tsaya bakin ƙofar cikin gida. Na danna. Ina kallon layin yana tafiya a fuskar kwamfuta, ina kallon fuskarsa. Layin ya kai ƙarshe ya tsaya. Baba yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa.

"To kunna mana," ya ce.

Na ƙure ƙarar har ƙarshe na sake dannawa. Mu da ke gefe muna jin muryar Inna tana tsiyayowa daga lasifikar, shi ko gezau. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. A duk kaset ɗin, abu ɗaya da kunnensa zai iya kamawa shi ne rurin injin, kuma shi na yi sati huɗu ina cirewa. Na bar masa siririyar murya tsaf, ita ce kuma irin wadda ta fara barinsa.

Na ji kamar in kifa kai a ƙasa. Amma laburaren tana da wani lissafin, wanda ke saukar da murya ƙasa ba tare da ya rage mata gudu ba. Na matsa kusa da kunnensa na ce zan iya kaurara muryar Inna har ta sauko inda yake ji.

"Sun yarda a canza?"

"Takarda ya yarda," in ji Baba Akawu. "Sharadi na daya."

"Nasu suka yarda a canza," Baba ya ce. "Ita fa, wa ya tambaye ta?"

Wallahi na ɗaga kwamfutar daga cinyata, ban san inda zan jefa ta ba. Baba Akawu ya cire tabarau na farko, ya cire na biyu, ya dafa gwiwar amininsa.

"Malam," ya ce, ba da ihu sosai ba, "wannan mata ya yafe maka abubuwa shekara arba'in. Wannan karami ne."

Baba ya mayar da lasifikar kunnensa da kansa.

Na sauke muryar mataki ɗaya, ta koma kamar Yaya in tana mura. Ya girgiza kai. Na ƙara saukewa, ta koma kamar wani saurayi da murya ta fara fashewa. Ya girgiza kai. Na ƙara, na ƙara, har uwata ta koma kwandastan bas ɗin Gidan Kwano. Nan ya ɗaga hannu, na tsaya, na mayar farko.

Muryar wani ƙato ta cika zauren. "Malam, kashe injin nan ka zo ka ci abinci." Shiru kaɗan. "Malam, tuwo fa zai huce." Sai kuma a hankali, kamar da kanta take magana, "Wannan mutum ba ya ji," sannan dariya, wadda yanzu ta zama kamar tirela na neman tashi. Yaya ta tuntsire, tana cikin dariyar ta rufe fuska da gyale. Lissafin ya taɓa kaurin muryar, amma bai taɓa yadda take jan sunan ba, da inda take hutawa, da ɗan ƙosawar da ke ciki. Ita ce, ko a ina na ji zan gane.

Baba ya danne lasifikar da tafin hannu biyu. Bai yi dariya ba, bai yi kuka ba. Ya yi mini alama da yatsa in mayar. Na mayar, na danna. Da muryar ta ce "Malam", bai jira sauran ba, ya ɗago kai ya dubi ƙofar cikin gida.

"Na'am," ya ce.